ZARE: Tafiya Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir 🧵

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne kuma yana da tsawo, ku gyara zama. Za mu je Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Bai cika shekara 50 yana riƙe da mulki ba, amma rigimar da ta sake wa Arewa fasali gaba ɗaya daga fadarsa ta taso.

2/ Mu fara da hanya. Daga Sakkwato za ka kama titin gabas, ka bi ta Acida, ka bar mararrabar Wurno, ka wuce Goronyo, sannan ka shiga ƙasar Sabon Birni, ƙasar su Tsamaye, Unguwar Lalle, Gatawa, Kurawa da Lajinge. Kusan duk tafiyar kana bin kwarin Gulbin Rima ne. Ka riƙe sunan gulbin nan, zai yi ta dawowa a labarin.

3/ In ka isa, kada ka sa ran ganin soraye da ƙofofi irin na Kano. Kufai ne. Gonaki, tuddan ƙasa inda ganuwa ta zube, tsingaron tukwane a cikin kunya, sai makabartar da mutanen wurin ke nuna wa baƙo su ce nan sarakuna suke kwance, ciki har da Bawa Jan Gwarzo. Wanda bai san labarin ba zai iya wucewa bai ko waiwaya ba.

4/ Dalili a fili yake. Garuruwanmu da tubali da laka aka gina su. Ganuwar ƙasa sai da yaɓe: kowace shekara bayan damina sarki ya tara jama'a a gyara inda ruwa ya ci. Ranar da aka rasa sarkin da zai tara mutane, ranar ganuwa ta fara komawa gona. Alƙalawa ta haura shekara 200 ba mai yi mata yaɓe.

5/ To su wane ne Gobirawa? A labarin Bayajidda, Gobir na cikin Hausa Bakwai, kuma da aka raba aiki ita aka ba sarautar yaƙi. Kano da Rano baba da rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir tsaron arewa, ita ce ke fuskantar Sahara. Kirarin nan na "Gobir gidan faɗa" ba daga sama ya faɗo ba.

6/ Su Gobirawa da kansu suna cewa daga gabas suka fito. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa asalinsu Kibɗawan Masar ne. Inda masana tarihi suka fi tsayawa da ƙafa biyu shi ne zamansu a Azbin, yankin Agadas na Nijar a yau, kafin matsin Abzinawa ya sa su yi ta gangarowa kudu.

7/ Gangarowar nan ba ta shekara ɗaya ba ce, ƙarnuka aka ɗauka. Sun yi babban birni a Birnin Lalle, wajen Dakwaro a Nijar ta yanzu, daga baya suka ƙara matsowa zuwa Gwararrame. Wato Gobir masarauta ce da ta saba ɗaukar fadarta ta sauya mata wuri. Alƙalawa zango ɗaya ce cikin zanguna, sai dai ita ce zangon da ya fi kowanne suna.

8/ A farkon ƙarni na 18, mai ƙarfi a kwarin Rima ita ce Zamfara. Babban birninta, Birnin Zamfara, yana kusa da garin Isa na yanzu. Eh, kun ji daidai: tsohuwar fadar Zamfara a cikin jihar Sakkwato take a taswirar yau. Gobirawa kuwa a matsayin baƙi suka fara shigowa ƙasar, ana ba su wurin noma da zama.

9/ Labarin baka ya ce filin da aka ba su gonar Alƙalin Zamfara ce, daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Ya kuma ce Ibrahim Babari ya aurar da 'yar'uwarsa ga Sarkin Zamfara Mairoƙi, aka zama surukai. Baƙi suka yi ta ƙaruwa, dawakinsu suka yi ta ƙaruwa, mai gida bai farga da wuri ba.

10/ A farkon shekarun 1760 Babari ya juya kan masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Mairoƙi ya gudu Kiyawa. Babari ya kafa fadarsa a Alƙalawa, aka ja mata ganuwa. Don haka matafiyi ya sani: a wannan ɗan tsakanin na Isa da Sabon Birni akwai kufan manyan birane biyu, kuma ɗaya ne ya kashe ɗaya.

11/ Me ya sa nan? Dubi taswira. Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a wajen Isa, Gulbin Maraɗi ya shigo daga Nijar ya same su a wajen Sabon Birni. Fadama ce mai ba da abinci rani da damina, ga ciyawar dawaki, ga ruwan shanu. Masarautar da ƙarfinta ke kan doki ba za ta ga wuri irin wannan ta wuce ba.

12/ Sai kuma fatauci. Ayarin raƙuman Abzinawa na saukowa da gishiri da kanwa daga arewa. Fataken goro na bi ta yamma zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Wanda ya zauna a tsakiya shi ke karɓar kuɗin fito da na kasuwa. Da haka Alƙalawa ta cika da maƙera, marina, dukawa, malamai, 'yan kasuwa da bayi, daga ƙabilu iri-iri.

13/ Mulkin ma da tsarinsa. Akwai majalisar manyan sarakuna tara, Taran Gobir, masu zaɓen sarki, cikinsu da Ubandawaki da Galadima da Sarkin Rafi. Akwai kuma Inna, mace daga gidan sarauta, mai iko kan sha'anin mata da bori, wadda ake jin maganarta a fada. Har gobe sarautar Inna tana nan a Gobir.

14/ Wanda ya kai Alƙalawa ƙololuwa shi ne Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari, da ya hau mulki a shekarun 1770. A zamaninsa Gobir ta zama abin tsoro daga Zamfara zuwa Kabi, tana karawa da Katsina. Sunansa ya zama abin kwatance: duk inda Bahaushe ke son ya ce wane jarumi ne, sai ka ji ya kira Bawa.

15/ Amma yaƙi kuɗi yake ci. Doki, lifidi, sulke, abincin dakaru, kyautar barade, duk daga aljihun talaka suke fitowa. Manomi ya biya, makiyayi ya biya jangali, a kuma kwashe samari a tafi da su fagen daga. A waje birni na ƙara kwarjini, a ƙauye ana ƙorafi ƙasa-ƙasa.

16/ A cikin wannan ƙasa ta Gobir aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta, shekarar 1754. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu wurin malamai da dama, ciki har da Malam Jibrila ɗan Umaru. Tun yana kimanin shekara 20 ya fara wa'azi, da Fulatanci da Hausa, ƙauye-ƙauye. Ku lura: Shehu talakan Sarkin Gobir ne a lokacin.

17/ Wajajen 1788, da Babbar Salla, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami ya yi musu kyauta. Ruwayar Sakkwato ta ce ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu bai karɓa ba. Ya ce a maimakon dukiya yana neman abu biyar.

18/ Ga su: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar. Kada a hana kowa amsa kiran. A girmama duk mai rawani. A saki fursunoni. A sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka biyar ɗin. Cikin waɗanda aka saka har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara.

19/ Ku tsaya nan kaɗan. Sarki mafi ƙarfi a yankin, a gaban jama'arsa, ya saurari malamin ƙauye ya kuma ba shi abin da ya nema. Masu zagin Bawa a intanet ba su cika kawo wannan ba. Masu zagin Shehu su ma ba su cika kawo cewa biyu daga cikin buƙatunsa na fursuna da talaka ne ba, ko wace ƙabila ce.

20/ Ba a daɗe da taron Magami ba Bawa ya rasu, bayan karon da Katsinawa suka yi wa Gobir a Ɗanƙaishi, inda aka kashe ɗansa. Ƙanensa Yakuba ya gaje shi, shi ma ya mutu a fagen yaƙi a Kiyawa. Sai Nafata. Sarakuna na sauyawa da sauri, ƙarfin fada na raguwa, jama'ar Shehu kuwa kullum ƙaruwa take.

21/ Nafata ya ga abin ya fara fin ƙarfinsa, sai ya sa aka yi shela a kasuwa: ban da Shehu ba mai wa'azi. Wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma abin da ya gada. Maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Duk abin da Bawa ya bayar a Magami, shelar nan ta janye mafi yawansa.

22/ Wajajen 1803 Yunfa ɗan Nafata ya hau. Ana cewa ya taɓa zama gaban Shehu yana karatu. Littattafan Sakkwato sun kawo cewa ya kira Shehu fada a Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, wutar ta dawo kansa. In kana tsaye a kufan, ka tuna a wani wuri ƙarƙashin gonakin nan zauren da aka yi wannan zama yake.

23/ Abin da ya fasa ƙwai shi ne Gimbana. Wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, wanda Ba'are ne ba Bafulatani ba, ya ƙaura da mutanensa can. Rundunar Gobir ta auka wa garin, ta kamo mutane, ta biyo da su ta kusa da Ɗegel. Jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su.

24/ Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga Ɗegel shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ce ba zai bar jama'arsa ba. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, can aka yi masa mubaya'a. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, Abdullahi ɗan Fodiyo na jagorantar jama'a, masu baka suka karya dawakin Gobir.

25/ Ga abin da nake so matasa su riƙe. Abdullahi da kansa, da yake ba da labarin rundunar Yunfa a Tazyinul Waraƙati, ya lissafa Hausawa da Abzinawa da Fulani a cikinta. A ɓangaren Shehu ma akwai Fulani, Hausawa, Zamfarawa da wasu Abzinawa. Wanda ya ce maka layin yaƙin 1804 layin ƙabila ne zalla, ka tambaye shi ina zai ajiye Abdussalami.

26/ Kuma kada a ɗauka Alƙalawa ta faɗi cikin sauƙi. A ƙarshen 1804 jama'a suka yo kanta. A Tsuntsuwa, dab da birnin, Gobirawa da Abzinawa suka yi musu mummunar ɓarna. Bello ya rubuta cewa sun rasa mutum wajen 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani 200. Dole aka janye zuwa ƙasar Zamfara.

27/ Zamfarawa da fari sun karɓe su hannu biyu, don ba su manta abin da Babari ya yi wa birninsu ba. Daga baya yunwa ta sa rundunar jama'a ta riƙa taɓa rumbunan mutane, sai da yawa daga Zamfarawan suka juya baya. A 1805 Birnin Kabi ya faɗi, aka koma Gwandu, aka kuma sha wuya a Alwasa. Shekara huɗu ana wannan ja-in-ja.

28/ Ranar 3 ga Oktoba, 1808, rundunar da Muhammadu Bello ke jagoranta, da su Aliyu Jeɗo da Namoda, ta shiga Alƙalawa. Aka kashe Yunfa yana faɗa tare da baradensa. Daga kafuwar fadar zuwa wannan rana ba a kai shekara 50 ba. A shekarar da ta biyo, 1809, Bello ya fara gina Sakkwato.

29/ A nan littafin makaranta yakan rufe babin Gobir. Amma Gobir ba ta ƙare a 1808 ba. Gidan sarautar ya watse ya sake haɗuwa a wurare irin su Kadaye da Konya, wani lokaci a yi sulhu da Sakkwato, wani lokaci a koma fagen daga. Kusan shekara 30 ana haka a cikin wannan kwari na Rima.

30/ Akwai ma baƙon da ya gani da idonsa. Baturen Ingila Kyaftin Kilafatan ya bi rundunar Bello zuwa Konya a watan Oktoban 1826. Ya ba da labarin yadda aka wuni ana kai hari ba a ci garin ba, da wata tsohuwa Bazamfara a kan doki tana bin mayaƙa da goran ruwa tana shayar da su. Watanni bayan haka shi ma ya mutu a Sakkwato, a 1827.

31/ Babban karo na ƙarshe shi ne Gawakuke, 1836. Sarkin Gobir Ali, da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, da Abzinawan Ibra suka haɗa kai. Bello ya yi galaba, Ali da Rauda suka mutu a wurin. Bello kansa shekara ɗaya ya ƙara, ya rasu a Wurno a 1837. Hubbarensa na can, a kan hanyarka ta zuwa.

32/ Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi ɗan Yakuba, suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, da taimakon Ɗan Mari. Sakkwato ita kuma ta jera ribaɗi a bakin iyaka don tsaro, irin su Lajinge da Isa. Shi ya sa har yau za ka ji ana cewa Sarkin Gobir na Isa. Sunayen garuruwan yankin nan kansu littafin tarihi ne.

33/ Wajajen 1860 rigimar cikin gida ta raba Tsibiri. Ɗan Halima, ɗan gidan sarauta, ya ɓalle ya yi sulhu da Sakkwato, aka bar shi ya dawo kusa da kufan kakanninsa ya kafa gari. Me aka sa wa garin? Sabon Birni. Sunan da kansa yana gaya maka akwai tsoho a kusa.

34/ Sai Turawa suka zo da nasu rabon. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, aka kafa turakun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Alƙalawa hannun Ingila. Gida ɗaya, tsaga ɗaya, shida a kunci guda bakwai a ɗayan, amma wani na cewa Najeriya wani na cewa Nijar.

35/ A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Gobir ta Tsibiri zuwa matsayin Sultan. Gobirawa kuma sun bazu: akwai unguwar Gobirawa a Sakkwato, akwai a Kano, akwai zuriyarsu a Ilori. Wasan taubasantakar da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe ma sananne ne. Dukansu in aka bi salsala, Alƙalawa na cikin labarin gidansu.

36/ Bari mu leƙa waje kaɗan don kwatance. Oslo, babban birnin Norwe, gobara ta cinye shi a 1624. Sarkinsu ya ce kada a sake gini a wurin, aka matsa gefe aka gina sabo, aka sa masa Kiristiyaniya. Sai a 1925 aka maido da sunan Oslo. Wato su ma suna da tsohon birni da sabon birni, kamar mu.

37/ Bambancin shi ne abin da aka yi da kufan. Sun tono harsashin tsofaffin gine-ginen, sun kewaye, a shekarar 2000 suka buɗe wurin a matsayin lambun tarihi. Baƙo ya zo ya karanta allo, ɗan makaranta ya zo da malaminsa. Nasu dutse ne, namu laka, gaskiya ne. Amma ai laka ita ta fi buƙatar mai kula.

38/ A nan gida ma ana yi in an so. Surame, birnin Kanta na Kabi, yana cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, kuma Najeriya ta sa shi a jerin da take nema wa amincewar UNESCO a 2007. Tsohon garin Agadas, ƙasar da Gobirawa suka baro, ya shiga jerin UNESCO a 2013. Alƙalawa fa? Ku tambayi 'yan ajinku mutum goma, ku ga nawa za su nuna ta a taswira.

39/ Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Na fara da kwatancen hanya, amma ba zan ce wa kowa ya ɗauki jaka ya kama ta kai tsaye ba. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A Disambar 2021 aka ƙona motar matafiya a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, mutum fiye da 20 suka mutu.

40/ A 2021 sai da aka katse layukan waya a yankin. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk waɗanda aka rasa. Dubban mutane sun tsallaka Nijar, suna zaune a yankin Gidan Runji da kewayen Maraɗi.

41/ Ka karanta Kitabul Farƙi na Shehu, inda ya jero abubuwan da yake tuhumar sarakunan zamaninsa da su: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, kwasar mutane zuwa yaƙi da ƙarfi. Sannan ka saurari manomin gabashin Sakkwato yau yana faɗin kuɗin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a yi shuka ko girbi. Masu karɓa sun sauya, mai biya shi ne dai wannan talakan na bakin gulbi.

42/ Ga inda abin ya shafi tarihi kai tsaye. Ɓangaren Sakkwato ya rubuta nasa: Bello, Abdullahi, Waziri Giɗaɗo, Nana Asma'u. Yana nan a takarda, ba ya ɓata. Ɓangaren Gobir mafi yawansa a ka yake: makaɗan fada, maroƙa, tsofaffin gidan sarauta, dattawan ƙauye masu iya jero sarakuna da nuna inda kowace ƙofa take.

43/ In ƙauye ya tashi, waɗannan dattawan su ke fara galabaita a gudun hijira. Tsohon da ya san inda kasuwar Alƙalawa take, in ya rasu a sansani a Nijar ba wanda ya ɗauki muryarsa, wannan sanin ya tafi ke nan. Masana irin su Abdullahi Rafi Augi, da ya yi digirinsa na uku kan Gobir a Zariya a 1984, sun samu dattawan a gidajensu. Na yanzu sai an bi su inda suka watsu.

44/ In ilimi ya yi ƙaranci kuma, ƙarya ke cike gurbin. Shi ya sa kuke ganin ana yawo da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira ana cewa Bawa ne ko Yunfa, alhali sun rasu kafin a ƙirƙiro kyamara. Wani ya yanko rabin labari don ya zagi Fulani, wani ya yanko ɗaya rabin don ya kafirta Gobirawa. Mutanen Tsamaye da Isa da ke kwana da ido ɗaya ba su amfana da ko ɗaya ba.

45/ To me za a yi? Na farko, in kana da kaka ko kakan da ya fito daga yankin nan, wayar da ke hannunka ta isa. Zauna da shi. Tambaye shi sunan garinsu na asali, wa ya kafa shi, daga ina suka taso, wace sarauta ce a gidansu, me tsagarsu ke nufi. Ɗauki murya, rubuta rana da wuri, ka ajiye a wuri biyu.

46/ Na biyu, akwai rabin tafiyar da za ka iya yi cikin kwanciyar hankali. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. A Kaduna akwai Arewa House. Wanda ke Maraɗi, Tsibiri na nan kusa da shi, fada ce mai rai da tambura da Inna da komai. Ka ga waɗannan tukuna, ranar da ka taka Alƙalawa za ka san abin da kake kallo.

47/ Na uku, ranar da hanya ta yi kyau, in sha Allahu, ga ladabin zuwa. A fara da fada a Sabon Birni a yi gaisuwa a nemi ɗan rakiya. A je da rani, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin ƙasa ke bayyana. Kada a taka kabari, kada a shiga gonar mutum ba izini, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

48/ Kuma don Allah kada a tsinci tsingaro a zuba a aljihu a ce tsaraba. Ga mai binciken kufai, inda aka samu abu ya fi abin kansa daraja: shi ke nuna nan unguwar maƙera ce, can marina, can kasuwa. Ka ɗauke shi daga wurin, ka mai da shi fasasshen kasko kawai.

49/ Na huɗu, masu wakiltar Isa da Sabon Birni a majalisa, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: a auna kufan nan a zana taswirarsa tun layin ganuwa bai gama bajewa ba. Hoton tauraron ɗan'adam ma zai fara aikin kafin ƙafa ta iya zuwa. Garma da ruwan damina ba sa jiran a samu tsaro.

50/ Nan zan tsaya. 'Yan Sabon Birni, Isa, Tsamaye, Gatawa, Tsibiri da Madawa, ku kuka fi kowa sanin ƙasar nan: wanda ya taɓa zuwa Alƙalawa ya faɗa mana abin da ya gani da shekarar da ya je, wanda ke da tsohon hoto ya ɗora. Zare na gaba Birnin Zamfara za mu je, mu ji labarin daga bakin waɗanda Babari ya kora. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. 🤲🏾